Tambayi Baba Lauya: Wai ina lauyoyin gwamnati suke tafiya ne, fayil ya shekara ba a duba ba?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da wannan makon. Saƙonni huɗu na ware daga cikin waɗanda suka shigo saboda dukkansu a waje ɗaya suka haɗu, wato ofishin daraktan gabatar da ƙara na ma'aikatar shari'a ta jiha, wanda aka fi sani da ofishin DPP. A irin wannan ofishin na ƙare ƙuruciyata har furfura ta fito min, dan haka in kun ji na ɗan yi zafi a wani wajen sai ku yi min uzuri. Masu tambayar gado da rikicin gidan haya ku ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Salam Baba Lauya, Allah ya ƙara lafiya. Ɗana ne aka kama tun azumin bara, faɗa akai a unguwarmu aka sari wani yaro ya rasu sai 'yan sanda suka zo suka kwashe samari har da shi, wlh a shagon ɗinki yake lokacin da abun ya faru. An kai su kotun majistare alƙali yace bashi da hurumi a kai su gidan yari a jira shawara daga ma'aikatar shari'a, to tun daga nan duk zaman da akai sai ɗan sanda ya miƙe yace shawara bata fito ba a ɗage. Har ma'aikatar naje da ƙafata akace wai lauyar da fayil ɗin yake hannunta ta bar aikin ta samu wani wajen, ba a baiwa wani ba tukunna. Dan Allah Baba wannan magana ce? Mutum ɗaya ya bar aiki shikenan ɗana ya ruɓe a gidan yari? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikissalam Hajiya, Allah ya fito miki da shi. Maganar da suka faɗa miki tana iya zama gaskiya, abun kunya ne amma haka yake faruwa, bari ki ji yadda layin yake.

Laifi babba irin kisan kai ko fashi da makami majistare baya iya shari'arsa, sai babbar kotu. Abin da ɗan sanda ke yi shi ne ya kai mutum gaban majistare a ajiye shi, sannan ya tura kundin bincikensa ofishin DPP, can kuma lauyan gwamnati ya zauna ya karanta ya rubuta shawara, wane akwai hujja a kansa a gurfanar da shi, wane babu komai a sake shi. Takarda ce wani lokacin bata wuce shafi biyu ba, amma rayuwar mutum a kanta take rataye. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 a sashe na 376 ta ce kwana 14 za a fitar da wannan shawarar bayan kundin ya iso, sashe na 296 kuma ya ce ajiyar farko kar ta wuce kwana 14, ana iya ƙarawa amma da iyaka, in kika haɗa duka bai cika wata biyu ba, daga nan in ba a kawo ƙwaƙƙwaran dalili ba kotu ta sallami mutum. Jihohi suka bi sahu kowa yayi tasa, Kaduna a 2017, Kano a 2019, da 'yan bambance bambance a tsakani. To kinga a takarda komai daram. Ita doka ta rubuta kwanaki ne kawai, bata ɗauki wanda zai zauna ya karanta fayil ɗin aiki ba.

Lauyan nan da kike jiran shawararsa shi ne dai da safe yake babbar kotu da shari'a uku ko huɗu, gobe yana hanyar wata kotun a ƙaramar hukuma mai nisa a motar haya da kuɗin aljihunsa, jibi yana da takardun ɗaukaka ƙara da lokacinsu zai ƙare. Shawara sai da yamma ko a gida bayan isha'i in akwai wuta. Ran da ya ajiye aiki kuwa fayilolinsa a kabad ake tara su har sai oga ya samu wanda zai ɗora wa, shi kuma wanda za a ɗora wa dama nasa sun kai masa iya wuya. Shari'ar da aka riga aka fara sauraro ma ta fi ban tausayi, sabon lauya sai ya karanto ta daga farko, kafin ya gama an yi wa ɗan sandan da yayi binciken canjin wajen aiki zuwa wata jiha, shaidu sun gaji da zirya sun daina ɗaga waya. Shi ya sa in kika duba alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali ta ƙasa, wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, jira suke. Ba duka laifin ma'aikatar shari'a bane, 'yan sanda da kotuna kowa da nasa kason, amma wannan ofishin yana daga cikin manyan wuraren da ruwan ke tsayawa.

Kuma kar wani yace miki shari'ar kisa dole sai ta shekara biyar. Kin tuna yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe a Kano, a watan Janairun 2022 aka kama shi, ranar 28 ga Yulin 2022 ɗin babbar kotu ta yanke hukunci, saboda kwamishinan shari'a da kansa ya jagoranci lauyoyi aka ajiye komai aka fuskance ta. Ɗanki bashi da wannan gatan, layi yake bi, layin kuma masu riƙe da shi sun yi kaɗan.

Yanzu abin yi. Da farko ki sa a tabbatar kundin ma ya isa ma'aikatar, dan sau da yawa ana zagin lauyoyi alhali yana caji ofis ba a buga shi ba wai babu kuɗin hoton takardu. In ya isa, a rubuta wasiƙa zuwa ga Antoni Janar na jiha, wato kwamishinan shari'a, a ba DPP kwafi, a sa sunan yaron da lambar ƙara da kotun da ranar da aka fara ajiye shi, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimi ki adana, magana ta baki a baranda iska ce. Sannan ki je ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa da ke babban birnin jiharku, kyauta suke yi, su nema masa beli a babbar kotu, duk da beli a tuhumar kisa yana da wuya amma daɗewa ba tare da an gurfanar da mutum ba hujja ce da alƙalai ke saurara. Ki kuma roƙi jami'in walwala na gidan yarin ya sa sunansa a jerin da ake miƙa wa babban jojin jiha in ya kawo ziyara. Wanda duk ya ce ki kawo kuɗi ya fito miki da shawara, ki rabu da shi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗanka ne a sana'a, bara na gama bautar ƙasa. Na samu ofa a ma'aikatar shari'ar jiharmu sannan akwai wata cemba, wato ofishin lauyoyi masu zaman kansu, a Abuja da suka ce in zo, abokaina duk cewa suke kar in kuskura in shiga gwamnati wai kabarin lauya ne, shi kuma mahaifina yace aikin fansho yafi. Na rasa ta cewa, meye shawararka tsakani da Allah?

Amsa: Barista ɗana, abokanka sun yi ƙarya rabi sun faɗi gaskiya rabi. Kabari kam ba kabari bane. A babbar cemba zaka iya shekara uku kana ɗaukar wa oga jaka, in an barka ka miƙe a kotu to neman a ɗage shari'a aka aike ka. A ofishin DPP kuwa saboda ƙarancin hannu, shekararka ta biyu za a miƙa maka fayil ɗin fashi ace je ka, ka jagoranci shaida, ka sha tambayoyin ƙwaƙwaf daga manyan lauyoyi masu kare wanda ake tuhuma, alƙali ya wanke ka tas gaban jama'a ka koma ofis kana gumi cikin baƙar riga, gobe ka dawo ka fi jiya. Babu makarantar da ta kai wannan, ko makarantar lauyoyi ta Bagauda ko ta Bwari basu koyar da shi.

Amma ka shiga da idonka a buɗe. Albashi na ma'aikacin gwamnati ne da 'yan alawus da suka bambanta daga jiha zuwa jiha, kuɗin riga ma wata shekarar a biya wata a yi shiru. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye kaso mai tsoka, ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024 kuma ƙananan ma'aikata ya fi ɗagawa, kai da kayi shekara biyar a jami'a da ɗaya a makarantar lauyoyi ba wani tsalle zaka ga naka yayi ba. Kuma baka da damar yin aikin gefe, tsarin mulki a jadawali na biyar ya hana ma'aikacin gwamnati na dindindin gudanar da wata sana'a in banda noma, wato abokinka yana rubuta yarjejeniyar cinikin fili ɗaya ya karɓi albashinka na wata uku, kai kuma doka ta ce sai dai ka je ka shuka wake. Ƙarin girma duk shekara uku ne a matakan tsakiya, huɗu a na sama, in an yi shi kan lokaci kenan. Ga barazana, dan mutumin da kake neman a ɗaure yana da 'yan uwa kuma sun san layin gidanku, alƙali yana da ɗan sanda a bayansa kai kana tsaye bakin titi kana tare adaidaita. Ga wata kuma da ba a cika faɗa ba, sashe na 211 ya ba Antoni Janar ikon janye duk wata ƙarar laifi kafin hukunci, shi kuma ɗan siyasa ne gwamna ya naɗa shi, akwai ranar da zaka shekara kana gina shari'a a kira ka ace ka ajiye. Na taɓa gani, kwana uku ban ci abincin kirki ba.

Dan haka ka ga abokan ɗaukarmu suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya zama majistare, wancan ya tafi EFCC ko ICPC, wani banki, wani ƙungiyoyin agaji masu biyan dala, wata ta koma koyarwa a jami'a, waɗanda suka daure suka cika shekara goma da zama lauya kuma idonsu na kan kujerar alƙalin babbar kotu tunda shekara goma tsarin mulki ya gindaya, balle yanzu da aka mayar da ritayar alƙalan manyan kotuna shekara 70 a 2023 aka kuma ƙara musu albashi da kashi 300 cikin ɗari a 2024. Ni ban ga laifin kowa ba, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi babu wanda zai jure ta har abada.

In da kai ɗan cikina ne zan ce ka karɓi ta gwamnati, ka nemi a kai ka sashen gabatar da ƙara, ka ba ta shekara biyar cur kana koyo, in ka ga da hali ka zarce. In kuma tafiya ta kama, abu ɗaya nake roƙonka, kar ka yi irin ta lauyar da ke cikin wasiƙar Hajiya a sama. Ka zauna ka rubuta inda kowane fayil ya tsaya, lambar wayar shaidu, ranar zama na gaba, ka damƙa hannu da hannu, waɗanda shawara kawai suke jira kuma ka ƙarasa su ko da kwana zaka yi. Abujan kuma ka tambaye su nawa ne albashin a rubuce kafin ka hau mota, hayar ɗaki a Kubwa ko Maraba ba wasa bace.

Tambaya: Barka da aiki Baba. Ni a sashen kula da ma'aikata nake a wata ma'aikatar shari'a, an ce mu rubuto shawarwari kan yadda za a magance ƙarancin lauyoyi, kowa a taron cewa yake kawai a roƙi mai girma gwamna ya amince a ɗauki sabbi da yawa lokaci guda. Ni dai jikina bai bani ba amma bansan me zan ce ba.

Amsa: Malam jikinka ya faɗa maka gaskiya. Wannan ɗauka ta lokaci guda ita ce ta haifar da ciwon tun farko. A sa takunkumin ɗaukar aiki shekara da shekaru, rana ɗaya a buɗe a kwaso tuli, rabinsu da takardar wane da wane, wasu ma ko sha'awar shiga kotu basu da ita albashin suke so, sai ka wayi gari ofis cike da daraktoci masu shirin ritaya da yara sabbin fitowa, babu na tsakiya. Su kuwa na tsakiyan nan, masu shekara biyar zuwa goma sha biyu, su ne ƙashin bayan ofis, su ke riƙe manyan shari'u su ke koya wa yara, kuma su ne daidai waɗanda kasuwa ke zawarci. Jiha ta horar da mutum da kuɗinta da kuskurensa a kan shari'un talakawa, ran da ya nuna sai wani ya tsinke. In kuka ɗauki hamsin baku toshe wannan ɓular ba, ruwa kuke zubawa a kwando.

Ka fara da lissafin da na tabbata babu wanda yayi a taron naku, ka buɗe rajista ka fito da duk wanda ya bar aiki a shekara goma da suka wuce, a wane mataki ya tafi kuma ina ya nufa. Da wannan takardar zaku shiga wajen gwamna. Sai ku nemi a riƙa ɗaukar kaɗan kaɗan duk shekara, kuma duk da hukumar kula da ma'aikata ta jiha ce ke da ikon ɗauka, DPP ya zauna a intabiyu a ba yaro fayil na gwaji ya rubuta shawara a gani. Maganar albashi kuwa babu kwana kwana, ƙungiyar lauyoyin gwamnati ta LOAN ta daɗe tana neman a daidaita su da majistarori, wasu jihohin sun yi wasu sun yi a takarda kawai, kuma muddin tsallaka titi zuwa ɓangaren alƙalai yana nufin ƙarin kuɗi da mota to za su ci gaba da tsallakawa.

Akwai kuma abubuwan da basu kai albashi tsada ba amma sun fi shi cin rai. Kuɗin shaidu, wlh na sha ciro kuɗi a aljihuna in ba tsohuwa ta koma ƙauye bayan an ɗage shari'a, a ware shi a hannun DPP a daina sa lauya bara. Mota ko da guda biyu ta zuwa kotunan nesa, kwamfuta da firinta mai tawada, sola, da gidan kwana ga wanda aka tura shiyya dan kar turawar ta zama kamar horo. Kar kuma ku manta ofis ba lauyoyi kaɗai bane, akawun rajista da ya san inda kowane fayil yake kwance da mai buga takardu da mai kai sammaci, in ɗayansu yayi ritaya ba a maye shi ba sai ka ga babban lauya yana yini yana tonon kabad. Mun taɓa yin wani dattijo a rajista, ko shekarar fayil ka faɗa masa zai ɗauko, da ya tafi wata shida muna lalube.

Wata dabarar, jihohi da yawa dama suna tallafa wa ɗalibansu da kuɗin makarantar lauyoyi, me zai hana a zaɓi masu ƙoƙari a biya musu duka da sharaɗin su yi wa ofishin aiki na wasu shekaru? Amurka ma da kuɗinsu ofisoshin masu gabatar da ƙara na gundumomi kuka suke da irin wannan gudun, tun 2007 suke da tsarin yafe ragowar bashin karatu ga wanda yayi shekara goma a aikin gwamnati yana biyan bashin wata wata har sau 120. Sannan dokar 'yan sanda ta 2020 a sashe na 66 ta ce kowane caji ofis a samu aƙalla ɗan sanda ɗaya lauya, in da ana yi da kundin da ke zuwa muku ya zo a gyare, rabin wahalar karatun ta ragu, ku sa wannan ma a takardar ko da ba hurumin jiha bane.

Tambaya: Ina gaisuwa Baba Lauya, daga Maraɗi nake bibiyarku. Mu nan mai shigar da ƙara na gwamnati alƙali muke ce masa, ku kuma naji kuna cewa lauya, wai ba abu ɗaya bane?

Amsa: Ina amsawa ɗan uwa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Aikin ɗaya ne, gidan ne daban. Ku tsarin Faransa kuka gada, inda mai shigar da ƙara da mai yanke hukunci duk majistarori ne 'yan jiki ɗaya, horo ɗaya ake musu, matakan albashi ɗaya, mutum yana iya yin shekaru yana shigar da ƙara a mayar da shi kujerar hukunci ko akasin haka ba tare da ya ajiye aiki ba. Mu na Ingila muka gada, mai gabatar da ƙara lauya ne ma'aikacin ma'aikatar shari'a ƙarƙashin kwamishina, majistare kuma hukumar kula da harkokin shari'a ta jiha ce ke ɗaukarsa, dan haka in namu yana son kujerar sai ya bar ofis ɗin gaba ɗaya ya bar fayiloli a baya. Kuma a ƙananan kotunanmu har yau galibi ɗan sanda ne ke gabatar da ƙara ba lauya ba, sai laifi ya girma yake zuwa teburin DPP.

Hajiya mai wasiƙar farko, in an rubuta takardar Antoni Janar ɗin ki turo min hotonta ta adireshin mujalla in duba miki kafin a kai.